Riƙe waya daban, sanin kwamfuta daban: wasiƙa daga Gadarif

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in faɗi abin da idona ya gani game da ɗalibanmu na jami'a da sha'anin kwamfuta da intanet, tun daga lokacin da yaƙi ya tarwatsa makarantun ƙasar nan.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Gadarif, gabashin Sudan, ba nisa da iyakar Habasha. Kakana daga ƙasar Haɗeja ya fito da niyyar aikin Hajji a ƙafa, guzuri ya yanke masa a hanya, ya tsaya cirar auduga a Jazira, daga baya mahaifina ya gangaro nan ya kama noman riɗi da dawa. Irinmu muna da yawa, daga Mai Wurno da ke bakin kogi kusa da Sinnar, inda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa Damazin da Kasala da Bur Sudan. Hausa muke yi a gida, Larabci a makaranta da kasuwa, rubutun boko kuwa da girmana na koye shi, saboda haka a yi mini afuwa in alƙalami ya karkace.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalamin shi ne wata magana da nake yawan ji a bakin iyaye, har ma da wasu malamai, wai yaran yanzu da fasaha aka haife su, ba su bukatar a koya musu. Na daɗe ina gyaɗa kai in an faɗi haka, domin ni ma ina ganin yadda yatsunsu ke gudu a kan gilashin waya. Shekarun nan na yaƙi ne suka nuna mini cewa kallon kitse muke yi wa rogo.

Faɗa ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, kuma a Hartum ɗin ne mafi yawan manyan jami'o'in ƙasar suke. Masu karatu a Najeriya za su tuna yadda aka kwaso 'ya'yansu, da yawansu ɗaliban Jami'ar Afirka, ta iyakar Masar da ta Bur Sudan. Namu yaran ba su da jirgin da zai kwashe su, sai suka nufo gabas da kudu a manyan motoci, wasu da kayan jikinsu kaɗai. Wanda ya tsaya Wad Madani yana zaton ya tsira, a Disamban 2023 garin ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, Jami'ar Jazira ma ta watse. A tsakiyar 2024 Sinja ta bi baya. Ajin da nake koyar da lissafi ya koma ɗakin kwanan iyalai, kamar yadda makarantu da yawa na Gadarif suka koma. 'Yan ɗaliban da suka mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka kafin yaƙi, galibinsu a ɗakunan kwanan ɗalibai suka baro ta, ko kuma aka raba su da ita a shingen hanya.

Da jami'o'i suka ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai suka koma koyarwa daga nesa, kuma ban ga laifin wannan shawara ba, domin zama haka nan ya fi ta muni. Amma ina so mai karatu ya san abin da ake nufi da karatu ta intanet a wajenmu, kada ya hango ɗalibi zaune gaban allon kwamfuta yana kallon malami. Malamin, wanda shi ma ɗan gudun hijira ne a wani gari ko wata ƙasa, zai naɗi muryarsa ya tura a zauren Telegram ko WhatsApp, ya haɗa da hotunan shafukan littafi. Ɗalibi zai jira tsakar dare, lokacin da layi ke ɗan sakin jiki, ya sauke abin da ya samu, ya saurara da safe in akwai sauran caji. A fannin tarihi ko shari'a ana iya lallaɓawa a haka. Ɗan yayana kuwa ilimin kwamfuta yake karanta, a wata jami'a da ba zan ambaci sunanta ba, kuma na zauna kusa da shi wata da watanni ina kallon yana rubuta manhaja da biro a littafin rubutu, ya ɗauki hoton shafin, ya tura wa malami. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san cewa ba malami ne ke koya maka shi ba, na'urar ce: ka rubuta, ta ƙi karɓa, ta nuna maka layin da ka yi kuskure, ka gyara, ta sake ƙi, har ranar da za ta amsa. Takarda kuwa duk abin da ka zuba mata karɓa take yi, ba ta gardama. Yaron ya ci jarrabawarsa da maki mai kyau, aka yi masa barka, amma ranar da ya samu aron kwamfuta ya shigar da abin da aka yaba masa a kai, ko layi goma bai wuce ba ta tsaya. Ya dube ni ya ce, "Baffa, ashe ban iya ba." Ban sami abin ce masa ba, domin ba shi ya ƙi koyo ba. Tamkar an koya wa mutum tuƙin tarakta ne da baki, aka miƙa masa takardar shaida, bai taɓa jin nauyin sitiyari a hannunsa ba.

Ita kanta wayar ba kullum take da amfani ba. Mu a Sudan mun saba da a wayi gari a ga an rufe intanet. An rufe ta fiye da wata guda bayan an tarwatsa masu zaman dirshan da ƙarfin bindiga a Hartum ranar 3 ga Yunin 2019, an sake rufe ta fiye da mako uku bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, har ma akwai shekarun da ake kashe ta na wasu sa'o'i kowace safiya a lokacin jarrabawar kammala sakandare don hana satar amsa. Amma babu wadda ta kai ta Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke gaba ɗaya, saboda cibiyoyin na'urorinsu suna Hartum, a tsakiyar fagen fama. Mu na gabas layi ya dawo mana bayan ɗan lokaci, amma mutanen Jazira da Darfur da sassan Hartum sun yi watanni a duhu, sai dai mutum ya je kasuwa wajen mai farantin Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, ya biya kuɗin sa'a guda. A nan ne bambanci ya fito fili tsakanin ɗa namiji da 'ya mace, domin saurayi zai iya tsugunawa cikin cincirindon maza, wani lokaci ma a gaban masu bindiga, ya sauke darasinsa, amma ba uban da zai bar 'yarsa ta je. Ga kuma wuta. A Janairun 2025 jirage marasa matuƙi sun kai hari a madatsar Marawi da tashar wuta ta Shuwak da ke jiharmu, muka koma kai waya shagon mai janareta ana cajin ta da kuɗi. Dalar da ake saya wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura fam 2,000 da nisa, don haka tsohuwar kwamfutar da ma'aikaci ke iya tara kuɗinta a da, yanzu albashin malami na watanni ba ya sayenta.

Da a nan zan tsaya, da na ɗora komai a kan yaƙi na huta, kuma da ban faɗi gaskiya duka ba. Bangon ya riga ya tsage tun kafin harsashin farko.

A damina ta biyu ta yaƙin, ɗalibai 12 na unguwarmu da na baƙin da muka saukar suka riƙa taruwa a zaurena da yamma, saboda ina da ƙaramin farantin hasken rana da wata tsohuwar kwamfuta. Dukansu sun yi aƙalla shekara guda a jami'a, akwai mai karatun aikin jinya, akwai mai lissafin kuɗi, akwai mai aikin gona. Kowannensu gwani ne a Bankak, manhajar bankin da ta zame mana kuɗin hannu tun da takardun kuɗi suka yi wuya: kafin ka ƙifta ido ya tura kuɗi ya nuna maka shaidar biya. Kowannensu yana da Facebook, wasu har suna haɗa bidiyo da kiɗa a ƙarƙashi. Amma da na ce kowa ya rubuta shafi guda, ya adana shi da sunansa a inda zai iya samo shi gobe, sannan ya liƙa shi a wasiƙar imel ya turo mini, mutum 3 ne kawai suka kai ƙarshe ba tare da an kama musu hannu ba. Mai karatun lissafin kuɗi bai taɓa buɗe Excel, manhajar jadawalin lissafi, ba. Da yawansu ba su san kalmar sirrin imel ɗinsu ba, domin mai shagon da ya cike musu takardar neman shiga jami'a shi ya buɗe musu, shi ya riƙe, kuma shagon yana wata unguwa ta Hartum da ba a san abin da ya rage a cikinta ba. Wata yarinya ta rasa hanyar shiga shafin jami'arta na tsawon zango guda saboda wannan kaɗai.

Ruwa ba ya tsami banza. A 1990 gwamnati ta yi abin da ta kira juyin ilimi mai zurfi, aka buɗe jami'o'i a jihohi, aka ninka yawan ɗalibai, aka kuma mai da Larabci harshen koyarwa. Ba na cikin masu zagin wannan mataki gaba ɗaya, domin ba don shi ba da 'ya'yan manoma irina da yawa ba su ga ƙofar jami'a ba, kuma jami'armu ta Gadarif a wannan zamanin aka kafa ta. Sai dai ɗakuna sun yawaita, kayan aiki ba su bi su ba, Turanci kuma ya yi rauni a daidai lokacin da duniya ke komawa kan na'urar da yawancin umarninta da littattafanta da Turanci suke. A makarantun sakandare da na sani, darasin kwamfuta a allo ake yin sa da alli: a zana hoton na'urar, a haddace sunayen sassanta, a rubuta a jarrabawa, a ci. Sannan ga takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017. Mutane suna ɗaukarsa batun bankuna da jiragen sama ne kawai, amma ɗalibi ya ɗanɗana shi a cikin ɗakinsa, domin shafuka da yawa na sauke manhaja suna ganin daga Sudan kake sai su rufe ƙofa. A farkon 2014 dandalin darussa na Coursera ya toshe ɗaliban Sudan tare da na Iran da Kuba saboda wannan doka, kuma sai bayan an cire ƙasar daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a Disamban 2020 ne bankunanmu suka fara ba da katin da ake iya biyan kuɗi da shi a waje. Shekara 20 ke nan da sa'o'insu na wasu ƙasashe suna koyo a sake, namu suna leƙe ta taga da manhajojin sata masu cike da ƙwayoyin cuta.

Akwai kuma namu kason, mu Hausawan Sudan, kuma shi ne ya fi ci mini rai domin shi ne a hannunmu. Mun shigo karatun zamani a makare, iyayenmu sun fi amincewa da allo da gona da kasuwa, kuma har yau da yawanmu muna auna karatun yaro da takardar da zai kawo, ba da abin da hannunsa ya iya ba. Na je wajen wani dattijo, babban manomi da ba a rasa shi da buhunan riɗi a kasuwar amfanin gona, na roƙe shi ya saya wa ɗansa kwamfuta ko tsohuwa ce, tun da aikin injiniya yake karanta. Ya ce, "Malam, ba ga waya na saya masa ba? Ai ta fi tawa tsada." Gaskiya ya faɗa, kuɗin wayar ya isa sayen kwamfutar da ake bukata har da canji. Ba rowa ce ta hana shi ba, a ganinsa duk abu ɗaya ne, ƙarama da babba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa ɗaya ta kallo ce da hira, ɗaya ta aiki. A gidajen da aka samu kwamfutar kuwa, ta ɗa namiji ce, 'yar'uwarsa sai in ya yi barci.

Jami'o'in ma ina da magana da su, ba tare da na ware wata ba. Sun buɗe cibiyoyin jarrabawa a jihohin da ke da sauƙi da kuma ƙasashen waje irin su Masar da Saudiyya, abin yabo ne. Amma ɗalibin da ke Alƙahira ko Riyad, da wuta da intanet dare da rana, da wanda ke ƙauyen Sinnar yana hawa tudu neman layi, takarda ɗaya aka ba su, aka auna su da mudu ɗaya, aka kuma karɓi kuɗin rajista a hannun kowa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Yanzu da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025 da Hartum a Maris, ana ta maganar komawa da gyaran gine-gine, ina tsoron a yi fenti a sa ƙofofi, a ɗauka darussan aikin hannu da aka tsallake an yi su ke nan tun da an ba da maki. Kamata ya yi duk wanda ya yi zangunan nan ta waya a dawo da shi ɗakin na'ura ko na wata biyu ne kafin a sallame shi, ko da hakan zai jinkirta bikin yaye ɗalibai. Ga wata sabuwa kuma da ta shigo: manhajojin nan masu rubuta wa mutum amsa. Yaro zai turo aikin gida da Turanci mai santsi, ka tambaye shi ma'anar jimlar farko ya yi shiru. Wanda ya san abin da yake nema za su iya taimaka masa, wanda bai sani ba kuwa rufa masa asiri kawai suke yi zuwa ranar da za a zaunar da shi gaban aiki.

Na san akwai mai cewa mutanen da ke layin abinci a tukwanen sadaka na unguwa, ga kwalara tana ɗauka, ba su ne za a yi wa zancen kwamfuta ba. Ban raina wannan magana ba, ni ma na tsaya a layin. Amsata ita ce abin da na gani a garin nan: da ƙungiyoyin agaji suka cika Gadarif suna neman matasan da za su yi rajistar 'yan gudun hijira su tsara sunaye a jadawali, waɗanda suka iya aikin su aka ɗauka, kuma albashin mutum ɗaya ya riƙe gida guda har da baƙinsa. Da yawa daga cikin yaranmu masu takardar jami'a suna tsaye a waje, ga Hausa ga Larabci a bakinsu, abin da aikin ke matuƙar bukata, amma hannu bai iya ba. Haka kuma waɗanda suka taɓa ɗaukar hoton takardun shaidarsu suka adana a imel, gidajensu sun ƙone amma takardun suna nan, sauran kuwa har yau suna yawon ofis-ofis.

Abin da muka yanke a unguwarmu ba babba ba ne. Manomin Sudan ya san nafir, wato gayya, kuma da ita kakanninmu suka gina masallatai da makarantun allo a ƙasar da suka zo baƙi. Muna so mu yi gayyar ɗaki guda a jikin masallaci, da farantan hasken rana da batura da tsofaffin kwamfutoci ko 5 ne, safiya ta 'yan mata tare da wata malama, yamma ta samari. Ba sai da intanet kullum ba, kuma wannan ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ana koyon buga rubutu da yatsu goma, na Larabci da na boko, ba tare da layi ba. LibreOffice kyauta ce, tana yin aikin rubutu da jadawali. Python, harshen rubuta manhaja, sau ɗaya ake sauke shi ya yi ta aiki, akwai kuma Kiwix da ke ɗauke da Wikipedia a cikin na'ura. Mutum ɗaya ya sauke darasi a inda layi ke da ƙarfi, ya zuba a filashi, kowa ya kwafa. Mun fi son mu kama yaro a watannin da yake zaune tsakanin jarrabawar sakandare da shiga jami'a, ya buɗe imel ɗinsa da hannunsa, ya cike takardarsa da kansa. 'Yan'uwanmu da ke Makka da Jidda, waɗanda ba su taɓa gajiya da aiko da turare da dogayen riguna da wayoyi ba, mun fara aika musu cewa a wannan karon tsohuwar kwamfutar da ofis ya ajiye ta fi mana amfani.

Na zaɓi in rubuto wa jaridar da ake karantawa a ƙasar Hausa ne domin na san abin bai tsaya a kanmu ba. Ina jin labarin yaran karkara da ba sa taɓa linzamin kwamfuta sai ranar jarrabawar JAMB, tun da aka mai da ita ta na'ura zalla a 2015, kuma mutanen Zamfara sun ɗanɗani rufe layukan waya a Satumban 2021. Saboda haka na tabbata a cikin masu karatu akwai waɗanda suka riga mu buɗe irin wannan ɗaki a garin da wuta ba ta zama. Muna bukatar sanin irin baturan da ke jure zafi kamar namu, wanda ke haura digiri 40 a bazara, da yadda suke kare na'urori daga ƙura, da kuma yadda suke biyan mai koyarwa ba tare da sun kori ɗan talaka da kuɗin shiga ba. In sun rubuto ta wannan shafi, zan karanta wa kwamitinmu in fassara wa waɗanda ba sa karanta boko. Za mu zauna da manoma ne bayan an yanke riɗi an kai kasuwa, lokacin da kuɗi ke hannu, kuma dattijon nan mai waya mai tsada ya yi alkawarin zuwa, da sharaɗin a fara nuna masa abin da kwamfutar ke yi wanda wayar ɗansa ba ta yi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Gadarif, Sudan.